Haihuwar Dambar ta Biyu

Ƙanena Dambar bai taɓa kai niƙa ba a rayuwarsa sai ranar da ƙasa ta girgiza. Mutum ne da ya ba hamsin baya, siriri, mai gashin baki da yake murzawa duk lokacin da zai shara ƙarya. Aikinsa guda ne a ƙauyenmu, ya zauna gindin bishiyar tsakiyar gari yana gyara wa gwamnatin Kathmandu kurakuranta. Noma da kiwo da itace da ɗiban ruwa duk suna wuyan matarsa Debaki. Ni Pabitra, yayarsa, ɗakina a jingine yake da nasu tun da mijina ya rasu na dawo gidan ubanmu, gidan Karki, saboda haka babu abin da ke wuce kunnena ko ban so ji ba, kuma yawanci ina so.

Safiyar Asabar ɗin Debaki ta tashi da ciwon baya. Na jiyo ta ta cikin bango tana cewa, "Uban Yubaraj, garin masara ya ƙare, bayana kuma ya ƙi. Ko za ka daure ka kai rabin buhun nan gidan niƙa?" Ba ta taɓa kama sunansa ba, kamar kowace matar aure a wajenmu. Na gyara zama in ji irin masifar da za ta biyo baya, sai na ji ya ce, "Kawo." Sai da na leƙo don in tabbatar ƙanena ne. Shi ne kuwa, ya rataya igiyar buhu a goshi, ya kama gangara zuwa rafi, inda ruwa ke juya dutsen niƙa a gindin wani tsauni. Debaki ta tsaya bakin ƙofa dafe da ƙugu tana kallonsa har ya ɓace, tana wani murmushi da rabon da in ga irinsa a fuskarta tun tana amarya.

Rana ta kusa take tsaka, ina gona ina yankar wa ɓauna ciyawa, na ji rugugi daga ƙarƙashin ƙafafuna kamar babbar mota na tahowa, alhali hanyar mota ba ta iso mu ba. Kafin in miƙe ƙasa ta kwashe ni ta zubar. Tsohuwa Maili maƙwabciyarmu ta durƙusa ta danna babban yatsanta a ƙasa yadda iyayenmu suka koya mana, tana ce mata ta tsaya, ta tsaya. Ƙasa ko kula ta ba ta yi ba. Gidajenmu na dutse da laka suka riƙa zama ɗaya bayan ɗaya, ƙura ta rufe rana. Da ta lafa, abin da ya rage na gidanmu ƙofa ce kawai da katakonta, a tsaye ƙyam, kwaɗon da na datse da safe yana nan yana aikinsa.

Mun rasa mutane. Ba zan jero su ba, don har yau in na ambaci sunan ɗaya abinci fita raina yake yi. Sa'ar da muka ci ita ce Asabar ce, babu makaranta, manya kuma suna gona.

Tsaunin da ke kan gidan niƙa ya zaftaro gaba ɗaya. Debaki mai ciwon baya ita ta riga kowa isa wurin. Maza suna tono da fartanya, ita tana tono da hannu. Aka tono mai niƙan, ba rai. Aka tono buhun masararmu da igiyarsa. Ba a tono Dambar ba. Maza suka gaji suka koma kan nasu gawarwakin, ita ta ci gaba kwana da kwanaki, har faratanta suka fara fita. Tana tono tana maimaita min magana ɗaya, tana kirana Didi, wato yaya, "Ni na aike shi, Didi. Ni na aike shi." A ƙarshe da ƙarfi na janye ta, na naɗe mata yatsu da tsumma.

Ɗansu Yubaraj ya iso daga Kathmandu a ƙafa. Baje Kemraj, malamin da ke yi wa gidanmu hidimar addini tun zamanin babanmu, ya ce ba a barin ran mamaci yana gararamba tsakanin sama da ƙasa don kawai ba a ga gawa ba. Ya ƙulla mutum-mutumi da ciyawar kush, muka kai bakin kogi, Yubaraj ya sa masa wuta da sunan ubansa. Da yake wadda ta rasa miji ce ke yin wannan aikin, ni na kai Debaki rafi. Ni na ɗora hannunta a kan dutse na fasa mata awarwaronta, na wanke jan garin sindur, alamar matar aure, daga tsagar gashinta, na ɗaura mata farin zane. Yubaraj ya aske kai ƙwal, kwana goma sha uku bai ɗanɗani gishiri ba, kullum yana dunƙula shinkafa yana miƙa wa ubansa a can inda yake. Ranar ƙarshe aka ba Baje abubuwan da mamaci zai buƙata a hanya: gadon Dambar da muka zaro daga ɓaraguzai, laimarsa, takalmansa, da 'yar maraƙar da za ta ƙetarar da shi kogin matattu yana riƙe da jelarta.

Yabo kuwa ya sha shi. Mutanen da ba su taɓa ganinsa riƙe da lauje ba suka riƙa kaɗa kai suna cewa a bakin aiki ya mutu. Ban ƙaryata kowa ba. Na yi kuka na gaske, don malalaci ne amma nawa ne, ni na goye shi.

Duk wannan lokaci a ƙarƙashin tamfol ɗaya muke kwana a filin makaranta, mu da kowa. Sete maƙeri da iyalinsa, waɗanda a da ko ruwa ba ma karɓa daga hannunsu, tabarmarsu tana taɓa ta Baje. Da wata ta yi ƙorafi, Baje ya ce a lokacin masifa dokoki barci suke yi. Na ji daɗin maganar, ban san farkawarsu ta kusa ba.

Washegarin gama zaman makoki, da rana tsaka, muna cin abinci mai gishiri, Yubaraj yana lasar yatsu yana lumshe ido, sai yara suka rugo a guje suna nuna gangara. Wani abu ne ke hawowa a hankali, ƙafa biyu na ƙarfe, ɗaya ta mutum, ɗaya fara fat mai kauri kamar turmi. Mata suka sa ihu. Tsohuwa Maili ta ce a duba ko yana da inuwa, wata ta ce a duba ko dugadugansa na gaba. Abin ya tsaya yana haki, ya dube mu ya ce, "Tsinannu, ba mai zuwa ya kama ni ne?"

Da jin zagin na san ƙanena ne. Na watsar da kwano na ruga zan rungume shi, sai Baje ya gitta laima a tsakaninmu.

"Kar ki taɓa shi, Pabitra."

"Baje, Dambar ne fa!"

"Na ga Dambar ne. Shi ya sa."

Dambar ya dubi laimar, ya dubi ƙafafun Baje. "Baje, wannan ba laimata ba ce? Kai, har da takalmana?"

"Na mamaci ne, ɗana. An ba ni in isar masa."

"To ga ni na zo da kaina, na rage maka tafiya."

Baje bai yi dariya ba. Ya zauna a kan wani dutse ya yi mana bayani dalla-dalla. Mutumin da aka ƙona da sunansa, aka yi masa kwana goma sha uku, aka haɗa shi da kakanninsa, ya mutu ko da yana numfashi. Ba ya shiga gida, ba a taɓa shi, ba a ci da shi. Matarsa matar mamaci ce, ɗansa maraya. Hanya ɗaya ce ta dawowa cikin masu rai, ita ce wadda kowa ya biyo: a sake haihuwarsa, a raɗa masa suna, a ba shi shinkafar farko, a rataya masa zaren addini, sannan ya sake auren matarsa a gaban wuta. In auren bai ɗauru ba, to an haife shi dai, amma ba shi da gida.

"Ba kai ka ce dokoki barci suke yi ba?" na tambaye shi.

"Na masu rai, 'yata. Na matattu ba sa runtsawa."

Yubaraj ya tsaya daga nesa yana shafa ƙwaryar kansa, hawaye na zuba, baki na dariya. "Baba, kwana goma sha uku ban ci gishiri ba saboda kai. Shinkafar da nake miƙa maka fa, tana isa?"

"Ko loma ban gani ba. Yunwa ta kusa kashe ni a asibiti. Ka tambayi Baje wa yake ba."

Aka zaunar da shi a gindin bishiyarsa, aka yi masa da'ira daga nesa, ya fara ba da labari yana murza gashin baki. Katako ya faɗo masa a ka da ƙafa. Sojoji suka ɗauke shi a jirgi mai saukar ungulu, shi kaɗai a duk ƙauyenmu ya taɓa ganin kan tsaunuka daga sama, ko da yake a sume ya gan su. Ya yi kwanaki a asibitin Kathmandu bai san sunansa ba. Likitoci sun ce ba su taɓa ganin ƙashi mai ƙwari irin nasa ba.

Sete maƙeri ya yi gyaran murya, ya kira shi Dai, yadda ake kiran babban wa. "Dai, a ina jirgin ya ɗauke ka? Mu dai ba mu ga ya sauka a rafi ba."

"A Simle mana."

"Kasuwar Simle? Ƙetaren gada? Ba niƙa ka je ba?"

Hannun Dambar ya koma kan gashin baki, amma ƙaryar ba ta zo da wuri ba. A hankali zance ya fito. Ya ajiye buhu a ƙofar gidan niƙa, ya haye gadar igiya zuwa shagon matar nan mai giyar gero, don ya ɗan jiƙa maƙoshi. Yana kan kofi na biyu rufin ya sauko. Gadar ta tsinke, waya ta mutu, shi ya sa babu wanda ya kawo mana labari. Maza suka fashe da dariya har da riƙe ciki, suna cewa da ya tsaya niƙa da yanzu yana ƙarƙashin tsauni, daga yau kar matar da ta ƙara hana su giya. Ni ma na dara. Da na waiga na ga Debaki a bayan mata, cikin farin zanenta, ba ta dariya, ba ta kuka, tana kallon yatsunta masu tsumma. Tun da ya iso ba ta ce uffan ba, ni kuma na ɗauka murna ce ta ɗaure mata harshe.

Aka yi masa shimfiɗa a gefen garken awaki, nesa da tamfol. Ni nake kai masa abinci a ganye, in ajiye a ƙasa in tura da tsinke. Abin da ya fi ci masa rai ba awakin ba ne, ganin Sete a cikin inuwar tamfol yana shan shayi kusa da Baje.

"Didi, dubi duniya. Maƙeri a ciki, ni ɗan gidan Karki a waje!"

Sete ya leƙo da kofinsa. "Yi haƙuri, Dai. Ana sabawa. Ni tun haihuwa haka ake tura min abinci, ga ni nan da ƙibata."

"In na dawo da rai za ka gane kurenka."

"To ka yi sauri, Dai, kafin awaki su raɗa maka suna."

Haihuwar tana buƙatar mahaifa, wato babbar randa da mutum zai shiga ya duƙunƙune cikin ruwa da man shanu. Nan aka tsaya cirko-cirko, don babu randa ɗaya mai rai a duk ƙauyen. Babbar tukunyar tagulla ta biki tana ƙarƙashin ɓaraguzan gidan mai gari. Aka yi ta shawara har idon Baje ya faɗa kan baƙin tankin roba da masu agaji suka kawo mana. Ya zagaya shi, ya ƙwanƙwasa, ya ce littafi bai hana ba. Littafin nasa dai yana ƙarƙashin gidansa, babu mai iya dubawa. Mata suka yi ca, tankin da muke sha da shi ke nan, amma aka sa wuƙar kukuri aka yanke masa kai. Man shanu kuwa cokali ɗaya aka samu, aka ɗiga don shaida.

Sai kuma uwa. Tamu ta daɗe da rasuwa, don haka Baje ya nuna ni. Ni da ban taɓa haihuwa ba, sai ga shi da furfurata zan haifi mai gashin baki.

Aka girka tankin a kan dandamalin gonarmu ta sama, inda gonaki ke sauka hawa-hawa har rafi. Da yake ba a taɓa shi, da kansa ya rarrafa ya shiga daga kan katanga, yana zagin duk wanda ya ƙirƙiro addini. Ƙafar da aka ɗaure da farin siminti ba ta son ruwa, saboda haka aka bar ta a waje, tana miƙe sama. Baje ya ce ya dunƙule hannu, ya rufe ido, kada ya yi magana, kada ya fito sai an kira shi, don ɗan tayi ba ya surutu. Wannan ce dokar da ta fi ba shi wuya. Ni aka zaunar da ni na jingina da tankin, Baje ya kunna wuta ya fara karatu a ƙarƙashin laima. Duk gari ya taru, har da na ƙauyen sama, don tun girgizar ba mu sami abin kallo ba. Debaki tana can gefe ita kaɗai, matar mamaci ba ta matsowa wurin alheri.

Karatu ya yi nisa, sai karnuka suka fara haushi, tsuntsaye suka tashi fuu. Rugugin nan ya dawo. Tun ranar Asabar ɗin ƙasa ba ta daina 'yan motse-motse ba, har mun saba, amma wannan ba ƙarami ba ne, ƙanen na farko ne uwa ɗaya uba ɗaya. Kowa ya ranta a na kare. Baje, mai ciwon gwiwa, shi ne a gaba da laimarsa. Ni uwar jariri, na tsinci kaina a tsakiyar fili rungume da wata akuya, ban san lokacin da na baro ɗana ba.

Gefen dandamalin ya tsage, tankin ya karkata, ya fara zamewa zuwa baki. A ƙasa gangara ce mai tsawon bishiya, bayanta wata, bayanta wata. Dambar yana ciki, hannu a dunƙule, bai ce komai ba, ƙafar siminti tana lilo a sama. Shi da bai taɓa bin umarnin kowa ba, ranar ya ga dama ya bi.

Sai na ga farin zane ya gifta. Debaki ta faɗa kan tankin ta rungume shi da hannuwan nan masu tsumma, ta kafa dugadugai a laka, ta ƙwala ihu da muryar da ban san tana da ita ba.

"Dambar! Dambar, fito, ɗan banza, fito!"

Tankin ya kife ta gefen tudu, ruwa ya malale, ƙanena ya sulmiyo waje cikin taɓo, ƙafa a gaba. Ƙasa ta yi 'yar shessheƙa ta tsaya. Mutane suka dawo ɗaya bayan ɗaya, kowa yana bayanin inda ya je da dalili. Mata kuwa ba girgizar suke zance ba, suna ta raɗa cewa ta kama sunansa a gaban jama'a, har sau biyu.

Baje ya dawo yana haki, ya dubi Dambar kwance a taɓo ya ɗaga hannu. "An haihu! Ƙasa da kanta ta yi naƙudar. Da ƙafa ya zo, amma ya zo." Ya sunkuya. "To, ɗana, yi kuka."

"In yi me?"

"Kuka. Jaririn da bai yi kuka ba, ba a shaida ransa."

"Ni Karki in yi kuka a gaban maƙera? Baje, ka yi min komai ban da wannan."

Aka roƙe shi, aka zolaye shi, Sete ya ce shi zai ɗan tsunkule shi kyauta. Da ƙyar ya buɗe baki ya ce "mee," wata akuya ta amsa masa. Baje ya ce bai gamsu ba, amma rana na tafiya, a ci gaba. Aka yi komai a gurguje. Na yi masa wanka, na shafa masa man mustad a ka. Aka raɗa masa wani suna a kunne da babu wanda ya taɓa kiransa da shi. Na ɗora kansa a cinyata na ba shi shinkafa da madara a cokali, ya ce babu sukari. Aka rataya masa zare. Kafin la'asar ya tashi daga jariri ya zama saurayi, Yubaraj ya zo ya taɓa ƙafafunsa da goshi, ni kuma na rungume ƙanena na ji ƙasusuwansa, na gode wa duk allolin da suka rage a tsaye.

Saura aure. Wata ta ba da aron jan zane, wata ta tuɓe awarwaronta, aka kawo sindur a ganye aka danƙa wa ango. Na je na kamo hannun Debaki na kawo ta gaban wuta. Ta biyo ni ba musu, amma da na miƙa mata jan zanen ba ta karɓa ba.

"Baje, in yi tambaya?" ta ce. "Ni yanzu mece ce?"

"Matar mamaci ce ke, 'yata, har sai ya sa miki sindur."

"To a gidan Karki matar mamaci tana sake aure?"

Ba ta jira amsa ba, ta juya ta dubi Dambar.

"Didi tana yarinya ɗanya mijinta ya mutu. Malamin makarantar nan ya zo nemanta da mutunci. Wa ya fito masa da kukuri, yana cewa a gidanmu mace sau ɗaya take sa sindur?"

Idanu suka dawo kaina, ni kuma na mai da nawa kan ƙafafuna. Ban zaci akwai wanda ke tune da malamin nan ban da ni ba. Na ji kunya, na ji zafi, kuma can ƙasan zuciyata na ji wani sanyi da ban taɓa ji ba.

"Ai wannan daban ne, 'yata," in ji Baje. "Mijinki ne."

"Ba kai ka ce mijina ya mutu ba, wannan kuma ɗazu aka haife shi? Ka zaɓi ɗaya, Baje. In mijina ne, don me aka fasa min awarwaro? In jariri ne, ku bari ya girma tukuna."

Dariya ta ɓarke, Sete har da faɗuwa. Dambar ma ya dara, a zatonsa jan aji ne irin na amare. Ya gyara tsayuwa a kan sandunansa ya murza gashin baki.

"Haba, uwar Yubaraj, ya isa haka. Ba ke kika riƙe tankin ba? Kowa ya gani."

"Na riƙe. Ko ɗan akuya ne a ciki zan riƙe. Na gaji da ganin ƙasa tana cin abu a gabana."

Ta fara warware tsumman hannunta a hankali, yatsa bayan yatsa, ta miƙa hannuwan a gabansa. Babu farce ko ɗaya, sai jan nama, wasu sun sake fashewa wajen riƙe tanki. Dariya ta ɗauke. Shi bai san da su ba, don babu wanda ya tuna ya gaya masa.

"Dambar," ta ce, wannan karon ba da ihu ba, kamar yadda ake kiran maƙwabci. "Tun da aka kawo ni gidanku ban taɓa aikenka ka je ba. Rana ɗaya ka ce kawo. Na tsaya bakin ƙofa ina ce wa kaina, ashe mutumin nan yana tausayin bayana, ashe ni ce ban sani ba. Da tsauni ya rufto na ce ni na kashe shi, ranar da ya fara tausayina na tura shi ƙarƙashin dutse. Da wannan nake kwana, da shi nake tashi. Shi na tona, shi na ƙona, shi nake sa wa farin zane. Ban taɓa samun miji kamarsa ba, ko rabin yini ban yi da shi ba. Kai kuwa da ka ce kawo don gidan niƙa yana kan hanyar shagon giya, na san ka sarai, tare muka tsufa. An ba ka ni sau ɗaya ba a tambaye ni ba. Yau an tambaye ni."

Ta mai da tsummanta, ta ce wa Yubaraj ya zo ya tatsar mata ɓauna don hannunta ba zai iya ba, ta juya ta tafi. Babu wanda ya tare ta. Ni da nake son auren nan ya ɗauru fiye da kowa, na bar ta ta wuce, don na san ko kalma ɗaya ba ta ƙara ba.

Dambar ya tsaya da ganyen sindur a hannu, ya rasa inda zai ajiye shi. Ya dubi Baje, ya dubi ni, ya ɗaga hannu zai murza gashin baki, hannun ya tsaya a hanya. Sai ya sulale ya zauna a taɓo, ya buɗe baki, kuka ya fito, irin na yaron da ya farka bai ga kowa a ɗaki ba. Ya yi shi a gaban maƙera da 'yan ƙauyen sama da kowa, bai rufe fuska ba, kuma babu wanda ya yi dariya.

Baje ya saurara na ɗan lokaci, ya gyaɗa kai. "To, yanzu haihuwa ta cika," ya ce, ya naɗe laima ya sa a hammata.

Ni na ɗauko masa sandunansa. Tunda ni na haife shi, wurina zai zauna, sai na kama shi muka nufi tamfol, Sete ya matsa da tabarmarsa ya yi masa wuri.